Hoton Fasfon Kaka

A gidan mijina ni ce mai wanke fim. Shi yakan rataya kyamara ya fita kasuwar Sabon Birni ko gidajen suna, wani lokaci har Burkusuma a kan babur, ni kuma in zauna a ɗan ɗakin da muka toshe tagarsa da laka, in wanke abin da ya ɗauko. Tun ina amarya ya koya mini, don ya ce hannuna ya fi nasa sanyi. Mutanen gari ba su san haka ba. Suna yaba masa hotuna, yana amsa godiya, ya dawo gida ya gaya mini muna dariya.

Ni 'yar Isa ce, daga gidan malamai. A gidanmu an taso da labarin cewa kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi jihadi, suka ci Alkalawa, suka zauna a Isa suna tsare iyaka don kada Gobirawa su dawo. Mijina kuwa Bagobiri ne sosai, da tsagarsa daga gefen baki har kunne. A gidansu labarin ɗaya ne amma ta wani gefen: an kore su daga birninsu, sun ƙi miƙa wuya, sun sake gina wani. Babana bai hana aurenmu ba. Sai dai duk sanda mijina ya je gaishe shi, yakan tsokane shi da cewa ga wanda aka ci da yaƙi ya zo, shi kuma ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Kakata, mahaifiyar babana, ba ta taɓa shiga wannan wasan ba, kuma ba ta taɓa zuwa gidana a Sabon Birni ba. Na ɗauka tsufa ne.

Fim ɗin da muke aiki da shi irin mai jinkirin shan haske ne. Mijina ya fi son sa saboda laushinsa, ko an faɗaɗa hoto ba ya yin tsakuwa-tsakuwa, har zaren riga kana iya gani. Amma yana da hali ɗaya mai wuya: yana raba fari da baƙi da ƙarfi. A hasken ranar ƙasarmu, mutum baƙi sanye da farar riga, in ba ka yi hankali ba rigar za ta fito fara fat ba ko lanƙwasa, fuskar kuma ta zama dunƙulen gawayi da idanu biyu. Maganin abin rabi yana wajen ɗauka, rabi yana wajen wanki. Mai ɗauka ya ba fim haske isasshe don fuska, mai wanki kuma ya rage wa magani ƙarfi, kada ya bar farin ya ƙone.

Shekarar da babana ya yi niyyar kai Kaka aikin hajji, aka ce sai an kawo hoton fasfo. Ta ce ita namiji ba zai tsaya yana leƙen fuskarta ba, ko da mijin jikarta ne. Aka aiko mini. Na ɗauki kyamararmu mai ido biyu, wadda ake leƙawa ta sama, na hau motar kasuwa zuwa Isa.

Lokacin bazara ne. Na zaunar da ita a tsakar gida da farin mayafinta, na ɗauka, na juyo a ranar. Ruwan da na haɗa magani da shi ya sha rana, da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu, kuma magani in ya yi ɗumi yakan yi aiki da gaggawa. Da aka buga hoton, mayafin ne kawai. Inda fuska take, baƙi ne ƙirin. Babana ya kai wa masu shirya takardun alhazai, suka dawo masa da shi, suka ce wannan ai kowace tsohuwa ce.

Na koma karo na biyu, na kwana a gida don in same ta da hantsi. Wannan karon ban fitar da ita rana ba. Na sa mata kujera a bakin ƙofar ɗakinta, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓarta. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Na ce mata, "Kaka, wannan zai ɗan jima yana kallonki. Kada ki motsa, ko numfashi ki riƙe."

Ta ce, "Zama ai shi na iya. Ke dai yi abinki."

Ta zauna kamar an dasa ta. Fuskar Kaka kowa a gidanmu ya san ta: kumatunta duka biyu cike da tabo, ramuka-ramuka da wuraren da fata ta tattare ta yi sheƙi. Mun taso ana cewa agana ce ta kama ta tana ƙarama, ta bar mata zanzana. Ga tsufa kuma ya zo ya ƙara tasa lanƙwasa a kai. Ban taɓa tsayawa na ƙura mata ido ba, don ba a yi wa babba haka. Ko a ranar, ta gilashin kyamara na gan ta, ƙarama kuma a juye.

Da na dawo Sabon Birni na cika randa, na bar ruwan ya kwana a inuwa. Bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗau zafi, na shiga ɗakin wanki. Na naɗa fim a duhu, na sa shi a gwangwaninsa na rufe. Na tsinka maganin da ruwan randa fiye da yadda na saba, har ya zama kamar ba shi da ƙarfi. Na zuba. Maimakon in riƙa girgiza gwangwanin, sai na riƙa juya shi a hankali, in ajiye, in bar shi ya huta. In ka bar shi haka, maganin da ke kan farin wuri yakan gaji da wuri ya daina ci, wanda ke kan wuri mai duhu kuma ya ci gaba da aiki a nitse. Na zubar da shi tun agogon tebur bai kai inda na saba ba, na ɗauraye, na zuba maganin tsaidawa.

Da na ɗaga fim ɗin a bakin ƙofa na san ya yi. Mayafin bai toshe ba, ana ganin saƙarsa, fuskar kuma cike take da abubuwa. Na rataye shi ya bushe, na tafi dama fura.

Mijina ne ya buga. Muna da na'urar faɗaɗa hoto da ya haɗa da batirin mota, kuma al'adarsa ce ya fara buga babba ɗaya don ya duba kaifin hoto kafin ya yi ƙanana. Ina tsaye kusa da shi a ƙarƙashin jar fitila, takardar tana cikin tasa, yana kaɗa ta. Mayafi ya fara fitowa, sai idanu, sai hanci. Sai na ji hannunsa ya tsaya.

Na ce, "Mi ya faru? Ya ƙone?"

Ya ciro takardar, ya tsoma a maganin tsaidawa, ya jira, sannan ya buɗe ƙofa ya fita da ita tsakar gida tana ɗigar ruwa. Na bi shi. Ya miƙo mini, ya sa yatsa a gefen bakin Kaka, ya ja shi a hankali zuwa kunnenta.

Akwai layuka. Sirara ne ƙwarai, sun taso daga gefen baki sun bazu a kumatu. Kowanne yakan tafi kaɗan, ya ɓace a ƙarƙashin tabo, ya sake ɓullowa a gaba daidai inda ya kamata. Lanƙwasar tsufa tana gangarowa ƙasa ne, waɗannan kuwa sun ratsa ta a miƙe. Hasken da ya shigo ta gefe ya kwanta a cikinsu, fim ɗin kuma bai bar ko ɗaya ba.

Na ce, "Ƙarzuwa ce. Na ƙarje fim ɗin wajen naɗawa."

Ya koma ɗaki ya ɗauko fim ɗin, ya ɗaga shi sama. Na ɗauke ta sau da yawa a ranar, a wani ta ɗan karkata, a wani ta ɗaga haɓa. A kowanne layukan suna nan, kuma suna bin fuskar duk inda ta juya. Ƙarzuwa ba ta yin haka.

Na ɗaga kai na dube shi. Abin da ke kan takardar shi ne a kumatunsa, ba bambanci sai na zurfi. Na zauna a bakin turmi. Na daɗe ina kallon hoton, ina jin kamar wata baƙuwa ce aka sa wa mayafin kakata. Wannan matar ita ta koya mini alwala, ita ta yi mini kitson farko.

Mijina ya ce, "A ƙaramin hoto ba za su fito ba. In kina so, mu buga na fasfo mu kai, wannan kuma mu yaga."

Na ce masa ban sani ba. Yini guda ban iya cin abinci ba. Na yi ta tunanin ko babana ya sani, ko ita kanta ta sani. Da safe na naɗe babban hoton a cikin ɗankwali, na sa ƙananan a jaka, na hau mota.

Na ba babana ƙananan a zaure. Ya duba ya ce yanzu kam ga Inna sosai. Na wuce ciki. Kaka tana zaune a tabarma tana jan carbi. Na gaishe ta, na zauna, na rasa ta inda za ni fara. Daga ƙarshe na warware ɗankwalin na ajiye mata hoton a cinya.

Idanunta sun yi rauni, don haka ta ɗauka ta matsa bakin ƙofa, ta kai shi dab da fuska. Ta daɗe. Sannan ta sa babban yatsa ta bi layin nan, daidai yadda mijina ya yi.

Ta ce, "Ashe suna nan."

Na ce, "Kaka, ba agana ba ce?"

"Ban taɓa yin agana ba. Tinya ce."

Na san tinya, itacen nan mai ƙaya da ake shinge da shi, wanda ake hana yara taɓawa don nononsa yana cin fata. Ita kuwa ta ajiye carbin ta fara magana, muryarta ba ta rawa, kamar tana gaya mini yadda ake jiƙa gero.

Ta ce an haife ta ne a wani ƙauye wajen Kurawa, ba ta riƙe sunansa ba. Abin da take tunawa rijiya ce mai bakin itace da wata babbar tsamiya. A zamanin, yaƙin bai ƙare ba tukuna, ko da yake an daɗe da cin Alkalawa. Mutanen Gobir su kai hari wannan gefe, na wannan gefe su rama, kowa ya kwashi abin da ya samu, dabba ko mutum. Tana da giɓin haƙoran gaba lokacin da mahaya suka zo. Tana bayan gari da wasu yara suna tsintar tsamiya. Wani ya sunkuyo daga kan doki ya ɗauke ta.

"Anka kawo ni gidan ga," in ji ta. "Nan, gidan da kike zaune. Matar malamin gidan ɗiyanta duk sun mutu, ba ta da ko guda. Ta gan ni, ta ce ita tana so. Ba ta taɓa sa ni aikin bauta ba. A bayanta nike kwana, abin da ta ci shi nike ci."

Na ce, "To, wa ya yi miki wannan?"

"Ita."

Ta ce bayan wani lokaci labari ya zo cewa Nasara sun shigo ƙasa, yaƙi ya tsaya, hanyoyi sun buɗe, Gobirawa suna yawo gari-gari suna neman 'ya'yansu. Matar ta ji tsoro. Wata rana ta kira ta bayan rumbu, ta ɗora kan Kaka a cinyarta, ta ce za ta yi mata magani. Ta shafa mata nonon tinya a kumatu, ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya. Da ya fara warkewa ta sake shafawa.

"Tana yi tana kuka," in ji Kaka. "Kukanta ya fi nawa. Ta hana kowa shiga ɗakin, ta ce agana ce, kada a ɗauka. Da na fito, kowa ya yarda."

Sunan matar nan ake sa wa 'ya'ya mata a gidanmu har yau, ana yi mata addu'a a matsayin uwar Kaka. Ni ma ina da ƙanwa mai sunanta.

Na tambaye ta ko wani ya zo nemanta. Ta ce an zo. Wata mace ce doguwa da wani tsoho, sun shigo da rana, ƙafafunsu duk ƙura. Malamin gidan ya ce a fito da duk yaran gida su duba, don shi ba ya son riƙe haƙƙin kowa. Aka jera su a tsakar gida. Doguwar matar ta bi su ɗaya-ɗaya, ta zo kan Kaka ta tsaya.

"Na gane ta tun daga ƙofa. Innata ce. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, ta dubi ƙafafuna. Wagga da ta riƙe ni tana tsaye bayana, hannunta bisa wuyana. Sai innata ta ce wa tsohon, wagga ba tawa ba ce, tawa tana da tsaga. Sunka sha ruwa sunka tafi."

"Ba ki yi magana ba, Kaka?"

"Yarinya ce ni. Bakina ya ƙi buɗuwa." Ta ɗauki carbinta. "Na daɗe ina tunanin ko ba ta gane ni ba ne, ko ta gane ta ga abin da anka yi, ta ga ina da ƙiba da tufafi masu kyau, ta bar ni. Ta daɗe tana duban ƙafafuna. Har yau ban sani ba."

Ban ji shigowar babana ba. Da na waiga yana tsaye a bakin ƙofa, takalmansa a hannu. Ban san daga ina ya fara ji ba. Ya shigo ya durƙusa, ya ɗauki hoton daga cinyarta. Ya matsa bakin ƙofa ya duba shi da kyau.

Ya ce, "Inna, baba ya sani?"

"Ya sani. A gidan ga ya tashi, yana babba lokacin. Da anka ba shi ni, bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban tada ba."

"Mi ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In gaya maka ka yi mi? Wadda ta yi ta riga mu gidan gaskiya, kuma ita ta yi mini aure, ita ta yanke maka cibiya. Na yafe mata tun tana da rai."

Babana ya ajiye hoton ya fita. Ɗalibansa suka jira shi a zaure har azahar bai fito ba, aka sallame su. Da yamma ya kira ni ya tambaye ni wa ya ga hoton. Na ce ni da mijina. Ya ce to. Bai ce in ɓoye ba, bai ce in nuna ba. Kaka kuwa ta ce a bar mata shi, ta sa shi a ƙarƙashin tabarmarta.

Fasfo ya fito da ƙaramin hoton, suka tafi Makka suka dawo lafiya. Bayan dawowarsu na tambaye ta ko tana so mu kai ta wajen Kurawa, mijina ya ce zai nemo mota. Ta ce wa za ta tarar? Ta ce in muna so mu je mu, mu gaishe da duk wanda muka samu.

Muka je bayan girbi, a kan babur. Muka bi ƙauyukan da ke kewaye muna tambayar tsofaffi ko akwai gidan da aka ɗauke wa yarinya a ƙarshen yaƙi, aka je nema har Isa ba a samu ba. Na yi zaton za a ce ba a sani ba. A ƙauyen farko wani tsoho ya ce ƙanwar babansa ce. A na gaba wata tsohuwa ta ce yayarta ce, uwarsu ta mutu tana ambatonta. Kafin la'asar gidaje da dama sun ce tasu ce, kuma kowane ƙauye yana da rijiya da tsamiya, ko wurin da tsamiya ta taɓa tsayawa. Tsohuwar nan ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa, tana neman kama, ta ce ga hancinsu nan, sannan ta ce a'a, ba ta tabbata ba.

Ta ba ni ƙullin daddawa da ɗan gero ta ce in kai wa Kaka, ko tata ce ko ba tata ba. Na kai. Kaka ta shinshina daddawar, ta tambaye ni ko matar doguwa ce. Na ce ta rankwafa, ba a iya ganewa. Ta ce a sa mata a miyar dare.